Minti Huɗu Tsakanin Gumajima da Ufujima

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙauyenmu na Gumajima, Malam Teruya, mai girma wakilin gwamna, wanda ya baro sanyin ofis a babban birni Naha ya zo shan rana tare da mu, mai girma manajan kamfanin jirgi, Malam Ishimine, sai kuma matuƙinmu, wanda ya san kowane rami da ke kan titin jirgin nan da sunansa, 'yan jarida, baƙinmu masu ƙaunar jirage da suka taso daga Tokyo da Osaka har da Hokkaido, kowa da kyamara a wuya, dattawan ƙauye, iyayenmu mata da suka kama kujerun gaba tun kafin a gama jera su, manoman rake, masunta, da sauran jama'ar da suka bar aikinsu suka zo: ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku barka da hantsi.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Tamanaha Zenko. Ni ne mai sikeli a wannan filin jirgi, shekara talatin da ɗaya ke nan. Jirginmu ƙarami ne, kujera tara gare shi, saboda haka ba a shiga sai an hau sikeli, mutum da jakarsa, sannan in zauna da fensir in raba kujeru: masu nauyi kusa da fiffike, marasa nauyi can wajen wutsiya. Duk wanda ke zaune a nan ya taɓa tsayawa a gabana yana riƙe numfashi. Su ma manyan baƙi sun tsaya yau da safe, kuma ina tabbatar musu abin da na gani ya tsaya a cikina.

Ina gode wa kwamitin shirya taro da ya zaɓe ni in yi jawabin godiya a madadin mutanen tsibiri, yau da jirgi zai yi tashinsa na ƙarshe daga Gumajima zuwa Ufujima. An ba ni minti bakwai, wato kusan zuwa da dawowa. Ina neman afuwa tun yanzu, domin zan wuce. Ina kuma neman afuwar kwamiti a kan wani abu da ban gaya musu ba lokacin da suka duba takardata. Ƙanena Morio yana kwance a gidansa a Ufujima, likitoci sun sallame shi, kuma rabona da yi masa magana ta ɗan'uwa shekara goma sha tara. Jirgin nan zai tashi ƙarfe goma sha ɗaya, kujerunsa tara duk da masu su, ni kuma ina neman ɗaya. Zan zo kan wannan a ƙarshe. Tukuna bari in sauke nauyin da aka ɗora mini, in yi godiya yadda ya kamata, domin abin godiyar yana da yawa.

Abu na farko da zan gode a kai shi ne nisa. Tsakaninmu da Ufujima kilomita goma sha ɗaya ne. Daga bayan gidan kowa a ƙauyen nan ana hango hayaƙin masana'antar sukarinsu, kuma idan iska ta juyo, har ƙanshin mazarƙwailar muna samu kyauta. Sai dai kowa ya san abin da ke tsakani. Tsibiranmu duwatsu ne tsaye, ba su da gaɓar da za a ajiye kwalekwale. Jirgin ruwan kaya yana zuwa bayan kwana goma idan teku ta ga dama, ya tsaya daga nesa, a zuba mutane a keji ƙugiya ta ɗaga su. A wannan watan na guguwa kuwa, sau ɗaya muka gan shi, shi ma juyawa ya yi. Saboda haka jirgin sama shi ne gadarmu, kuma ban taɓa jin labarin gadar da ta fi ta saurin ƙarewa ba.

A jadawali an rubuta minti goma sha biyar, domin kamfani yana jin kunyar rubuta gaskiya. A sama minti huɗu ne. Matuƙi yana yi wa fasinja barka da zuwa, ya yi musu sai wata rana, cikin numfashi ɗaya. Marigayiya tsohuwa Nabi, wadda yawancinku kuka sha shayi a gidanta, ta taɓa dawowa ta tsaya a gaban teburina ta buɗe baki ta nuna mini alawa a kan harshenta. Ta ce, “Zenko, tun a Ufujima na sa ta, ga ta nan da ranta. Ku gaya wa yaron nan ya riƙa ɗan zagayawa da mu, mutum ya san ya yi tafiya.” Na kai wa matuƙin lokacin saƙo, ya ce zai duba.

To daga gobe an amsa roƙon tsohuwa Nabi, har an wuce abin da ta roƙa. Daga gobe kowane tsibiri yana da nasa babban jirgi mai kujera hamsin, kai tsaye zuwa Naha, ba tsayawa a wurin maƙwabci. Wanda ke son zuwa Ufujima zai tashi daga nan ya yi kilomita ɗari uku da arba'in zuwa Naha, ya sauka da la'asar, ya tarar jirgin Ufujima ya tashi tun da hantsi, ya nemi masauki ya kwana, washegari ya sake yin kilomita ɗari uku da arba'in da biyar ya dawo, ya sauka a wurin da yake hangowa daga bayan gidansa. Jama'a, ku tsaya ku yi tunani a kan girman wannan aiki. Tun da aka kafa tsibiran nan suna kilomita goma sha ɗaya da juna. Guguwa ta yi iyakar ƙoƙarinta ba ta raba su ba, yaƙi ya zo ya wuce bai raba su ba. Sai ga shi a cikin wata shida, da takarda da biro, ba tare da an motsa dutse ko ɗaya ba, an mayar da nisan kilomita ɗari shida da tamanin da biyar, an mayar da minti huɗu kwana biyu. Ban san wani sarki a tarihi da ya yi irin wannan ba, kuma ina ganin ya dace a tafa wa Malam Ishimine.

Na gode. Ku bar tafin haka, kada rana ta yi.

Abu na biyu shi ne bincike. Kada wani ya fita daga nan yana cewa an yi mana fin ƙarfi. Ba a yi mana ba. An turo masana daga birni, samari masu ladabi, sun sunkuya wa kowa, sun ci farfesun akuyarmu ba su yamutsa fuska ba, sun raba takardar tambayoyi gida gida. Tambaya biyu ce mai muhimmanci. Ta farko, a shekara goma da suka wuce, sau nawa ka hau jirgi zuwa ɗaya tsibirin? Ta biyu, kana ganin kana buƙatar wannan hanya? Malam Ishimine ya zo ɗakin taron ƙauye ya haska mana sakamakon a bango, da launi ja da shuɗi, ya nuna cewa mutum bakwai cikin goma sun ce ba su buƙata.

Kuma mun faɗa. Kowa a nan ya san dalilin da ya sa muka faɗa, sai masanan ne kawai ba su sani ba, domin ba a koyar da shi a jami'a. Mutumin Gumajima ba zai taɓa rubutawa da hannunsa, a takardar da baƙo zai karanta, cewa yana buƙatar Ufujima ba. Su ne masu masana'anta, su ne masu babban asibiti, su ne suke kiranmu 'yan ƙaramin dutse. Sai mu zauna mu sa hannu cewa ba ma iya rayuwa sai da su? Su ma can haka suka yi, an ce nasu ma ya fi namu, takwas cikin goma. Da aka karanto wannan a ɗakin taro, na ji wani dattijo a bayana yana cewa, “Kun gani ko, har a nan ma sai da suka nuna sun fi mu.” Mutumin da ya faɗi haka 'yarsa tana aure a can, jikokinsa uku duk a can aka haife su, kuma yana zaune a layi na biyu yanzu yana kallon takalminsa. Ba zan kama suna ba.

Ba shi nake zargi ba. Ni ne na fara cike takardar nan a ƙauyen nan, a kan teburin sikeli, da fensirin aiki. Tambaya ta farko na rubuta sifili, kuma gaskiya ce. Tambaya ta biyu na zagaye a'a, na sake zagayewa har takardar ta kusa hujewa. Saboda haka idan ana neman wanda ya rufe hanyar nan, kada a wahalar da kai zuwa Naha, ga shi tsaye a gabanku da rigar biki.

Abu na uku shi ne sikeli. An gaya mini babban jirgi ba ya buƙatar a auna kowa, injinsa yana ɗaukar mai ƙiba da siriri ba tare da ya tambaya ba. Wannan ci gaba ne, kuma na san iyayenmu mata sun fi kowa murna. Shekara talatin da ɗaya suna cire mini takalmi da agogo da 'yan kunne kafin su hau, kamar 'yan kunnen ne matsalar. Shekara talatin da ɗaya maza suna ce mini sikelina ya lalace. Ranar da 'yan kokawarmu za su tafi gasa Ufujima, mutum shida kaɗai jirgi ya iya ɗauka, sauran ukun suka zauna a nan suna zagina har ya dawo. Na juya fuskar sikelin nan tana kallona ni kaɗai tun makona na farko, kuma ban taɓa faɗa wa miji nauyin matarsa ba, ko da ya zo da kwalbar giyar shinkafa yana roƙo.

Amma sikeli yana faɗa wa mai shi abin da bai tambaya ba. Nakan san mace tana da ciki kafin surukarta ta sani. Nakan san ɗalibin da ba ya cin abinci a birni. Nakan san wanda ya tafi asibiti aka ce masa ba komai, da wanda aka ce masa ba komai don a kwantar masa da hankali. Ban roƙi wannan sanin ba, a kan takardar aiki yake zuwa.

Ga yadda aikin yake, domin baƙi su gane abin da zan faɗa. Jirginmu zagaye yake yi. Wasu ranakun, kamar yau, yana fara sauka a nan, ya tsallaka Ufujima, ya koma Naha. Wasu ranakun kuma yana fara sauka can, ya ɗebi nasu, ya tsallako nan ya ɗebi namu. A irin waɗannan ranakun takwarata ta can, Gushiken Toshie, takan buga mini waya ta karanto sunan kowa da nauyinsa, in haɗa da namu in sake raba kujeru. Fasinjan Ufujima su sauko su zauna a zauren nan minti ashirin, in miƙa wa kowa katinsa. Shekara ashirin da shida muna wannan waya ni da Toshie, kuma ban taɓa jin ta karanta suna ba tare da ta haɗa da tsegumi ba.

Wannan ya kawo ni abu na huɗu, wanda babu shi a takardar da kwamiti ya duba.

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni da Morio. Shi ya tafi Ufujima yana saurayi, ya kama aiki a masana'antar sukari, ya auri Hatsu, ya zama ɗan can har da irin maganarsu. Da mahaifiyarmu ta tsufa ta koma wurinsa saboda asibiti, ta tafi da allon sunayen kakanninmu a ƙirjinta, domin ta ce ba za ta bar mahaifinmu ba mai kunna masa turare da safe. Ta yi gaskiya, ni ba na tunawa kullum. Da ta rasu na hau jirgin nan na je, aka yi abin da ake yi. A rana ta arba'in da tara, ranar addu'ar cikar makoki, bayan baƙi sun watse, na ce wa Morio allon nan wurin ɗan fari yake zama, ya shirya mini shi. Ya ce shekara takwas matarsa ce ke goge shi tana ajiye masa shayi, ba za a ɗauke shi rana ɗaya kamar kayan aro ba, in bari a shekara. Na ce ban zo neman shawara ba. Magana ta yi zafi, na fita na bar shayina a kan tabarma.

Bayan shekara ya aiko mini ta bakin Toshie cewa allon yana nan, in zo in ɗauka da hannuna, ai minti huɗu ne. Na mayar masa cewa ɗan fari ba ya zuwa roƙon abinsa a gidan ƙane, shi ya kawo, ai minti huɗu ne. To a nan muka tsaya, jama'a. Babu wanda ya ƙara, babu wanda ya rage. Da a ce Morio yana Brazil, inda kawunnanmu suka tafi, da tuni na sayar da akuya na je, domin mutum yana jin tsoron nisa, yana shirya masa. Amma minti huɗu ba ya ba mutum tsoro. Kullum ina cewa ko gobe na ga dama zan je, kuma kullum gaskiya nake faɗa. Na yi shekara goma sha tara ina da ikon zuwa gobe.

A duk shekarun nan yana ratsawa ta zauren nan idan zai je Naha, sau biyu ko uku a shekara. Toshie ta karanto: Tamanaha Morio, kilo tamanin da huɗu. Mutum ne mai jiki, kowa ya san shi, ya taɓa kayar da uku daga cikin dattawan da ke zaune a nan. In miƙa masa kati in ce, “Kujera ta uku.” Ya ce, “To.” Iyakar hirarmu ke nan. Ina kuma ɗaga jakarsa in ɗora a sikeli, kunnena yana sauraron ko zan ji motsin katako a ciki. Ban taɓa ji ba, shi ma ya san abin da nake saurare.

Bara da kaka ya fara ratsawa duk mako biyu, ranar Litinin, Hatsu tana riƙe da jakar. Babu wanda ya gaya mini komai, kuma ban tambaya ba. Toshie ta karanto saba'in da tara. Na ce a raina ya rage giya, ya kyauta. Ta karanto saba'in da biyar, na mayar da shi kujera ta biyar. Ranar da ta karanto saba'in da ɗaya ba ta wuce zuwa suna na gaba ba.

Ta ce, “Ka ji, Zenko?”

Na ce na rubuta.

Ta ce, “Ban tambaye ka ko ka rubuta ba, tsohon banza. Na ce ka ji?”

Na ce ta karanto na gaba, jirgi yana jira. Ta karanto, ta ajiye wayar ba sallama. Tun daga ranar ba ta sake yi mini tsegumin kowa ba, suna da lamba kawai, kuma ban san akwai hukuncin da ya fi wannan ciwo ba sai da na ɗanɗana.

Sittin da shida, kujera ta bakwai. Sittin da ɗaya, kujera ta takwas. Ni nake rubutawa, ni nake mayar da shi baya da hannuna, layi bayan layi, kuma rubutuna bai taɓa karkacewa ba, kowa na iya zuwa ya duba takardun. Ina kallonsa yana zaune a bencin can kusa da taga, rigarsa ta yi masa yawa, ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, amma bakina ya saba da kalma uku, ya ƙi koyon ta huɗu. Tsakanin teburina da bencin nan taku goma sha biyu ne. Wannan ma na auna.

Mako biyar da suka wuce Toshie ta karanto hamsin da bakwai. Daidai nauyina ke nan, ni da tun muna yara ake ce mini kara shi kuma turmi. Na miƙa masa kati na ce, “Kujera ta tara.” Ya duba katin, ya ɗago ya dube ni, ya yi murmushi irin na mahaifinmu.

Ya ce, “Yaya, har na kai wutsiya?”

Jama'a, shekara goma sha tara ban ji ya kira ni Yaya ba. Ya buɗe mini ƙofa da kansa, a gaban mutane, yana tsaye da sanda. Kun san abin da na ce masa? Na ce, “Ƙa'ida ce.” Ya ce, “To.” Hatsu ta kama hannunsa suka fita wajen jirgi. Ranar Litinin da ya kamata ya sake ratsawa sunansa bai zo a waya ba, kuma bai sake zuwa ba. Da na kasa haƙuri na tambayi Toshie, ta ce likitoci sun ce ya huta a gida, ba sai ya ƙara wahalar hanya ba. Duk wanda ya girma a tsibiran nan ya san ma'anar wannan hutun.

Za ku ce me ya hana ni tafiya a makonnin nan? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ta kawo ni godiyata ta ƙarshe, ga baƙinmu masu ƙaunar jirage. Tun ranar da aka sanar za a rufe hanyar nan, labari ya bazu cewa akwai wata gajeriyar tafiya a ƙarshen ƙasa da za ta ɓace, sai kuka taso. Kun kama kowace kujera ta kowace rana har zuwa yau, tun wata uku da suka wuce. Jirgin da aka ce ba mai buƙatarsa bai taɓa cika irin na bana ba. Ba na jin haushinku, ina ma jinjina muku. Akwai wani a cikinku da ya gaya mini jirgi uku ya hau daga Hokkaido, kwana biyu a hanya, domin ya yi minti huɗu a sama ya ɗauki hoton farfela. Ya ratsa ƙasar nan tun daga kanta har ƙafarta saboda ƙaunar inji. Ni na kasa taku goma sha biyu saboda ɗan'uwana, to wane ne ni in yi masa dariya?

Na sa sunana a jerin masu jiran ko wani zai fasa, a ƙarƙashin sunan mutum goma sha huɗu, da hannuna na rubuta. Babu wanda ya fasa. Ni ke raba kujerun, da na so da na ce wa wani baƙo nauyi ya yi yawa yau, ya jira gobe, ba wanda zai gane. Ban taɓa yin ƙarya da sikelin nan ba, kuma ban so in fara a makon ƙarshe. Roƙo kuwa, kun riga kun ji yadda nake da roƙo. Na ce zan bi sabuwar hanya, in tashi gobe in isa jibi. Jiya da yamma Toshie ta kira ni, ba don aiki ba. Ta ce Hatsu ta ce a gaya mini ya daina karɓar ko ruwan shinkafa, kuma idan jibi nake nufi, in taho da baƙar rigar jana'iza.

Saboda haka ga ni, ranku ya daɗe. A cikin jirgin nan akwai wakilin gwamna, da shugaban ƙauye, da manaja, da 'yan jarida biyu, da baƙi huɗu da suka ci ƙuri'a cikin mutum dubu. Kowannenku yana da dalilinsa, kuma kowane dalili ya fi nawa tsabta, domin babu wanda ya jawo wa kansa abin da na jawo. Ba ni da hujja, ba ni da haƙƙi, ni ne ma na zagaye a'a. Ɗan fari ne na gidan Tamanaha yake roƙo a gaban ƙauyensa duka, a gaban baƙi da kyamarori, abin da ya ƙi yi a ɗaki tsakaninsa da ƙanensa. Ina roƙon kujera ɗaya. Ba na neman ta taga.

Ba sai an amsa da sauri ba. Akwai sauran minti ashirin da biyar, kuma na saba da jira. Zan iya ci gaba da godiya, ina da sauran shafi biyu a kan tarihin titin jirgi.

Malam Ishimine, ka miƙe. Ranka ya daɗe, ko fita za ka yi? Katin ne kake miƙo mini? Kai ne za ka yanke ƙyalle a Ufujima, suna can suna jiranka da makaɗa.

To. Na karɓa, da hannu biyu. Na tsaya a nan na sa an tafa maka don in ba ka kunya, kai kuma ka rama ta hanyar da ba ni da amsarta. Ka yafe mini rabin abin da na faɗa. Sauran rabin yana nan, domin gobe akwai wanda zai nemi Ufujima ba ni ba, kuma ba za ka kasance a wurin da kati a hannu ba.

Sai dai akwai matsala ta aiki, matuƙi yana kallona ya gane. Kujerar manaja ta biyu ce, kusa da fiffike, ni kuwa ɗan wutsiya ne. Idan na zauna a wurinsa gaban jirgi zai yi sauƙi, dole a cike gurbin da buhun yashi. Ranka ya daɗe, na yi alkawari ba zan faɗi abin da na gani da safe ba, kuma ba zan faɗa ba. A kawo buhu biyu daga rumbu. A'a, a kawo uku.

Wani kuma ya shiga ofis ya ɗaga wayar da ke kan teburina, ya danna lamba ɗaya, Toshie za ta ɗauka. A ce mata ta rubuta Tamanaha Zenko, hamsin da bakwai, ba jaka. Ta aika gidan Morio a gaya wa Hatsu kada ta taɓa allon, ya zauna inda yake, wurin mai goge shi. A gaya wa Morio a kunne cewa yayansa ya taso. Ban san abin da zan ce masa idan na shiga ba, ina da minti huɗu in shirya. Shi dai ya yi ƙoƙari ya jira ni.

Ina roƙon kakanninmu da ke kwance a duwatsun tsibiran nan biyu su dubi wannan taro da idon rahama. Su kwantar da teku, su kawar mana da guguwar bana, su sa rake ya yi zaƙi a nan da can. Su mayar da baƙinmu gidajensu lafiya da hotunansu. Su ba shugabanninmu lafiya da kunnen sauraro, su ba mu mu kuma bakin faɗin abin da muke buƙata tun ana tambayarmu. Wanda duk yake da wani a tsallaken ruwan nan, su ba shi ƙarfin yin kwana biyun nan tun da sauran lokaci. Su kuma riƙe mini numfashin ƙanena har jirgin nan ya taɓa ƙasa.

Matuƙi, yau kada ka zagaya da mu.

Na gode.